Sandar Atin Ko Birekar Yoyo: Ina Mai Sa AC Zai Fara Zuba Kuɗinsa?

Mutum zai shafe mako guda yana zagayen shaguna a kan AC ɗaya: mai doki ɗaya ko ɗaya da rabi, inbata ko irin na da, LG ko Hisense ko Panasonic. Ranar da masu sawa suka iso da tsani da injin huda bango, sai yaron ya waiwayo ya ce, "Alhaji, a ina za mu ɗauki wuta?" Maigida ya miƙa hannu ya nuna soket ɗin da ya fi kusa, shi ke nan an gama. Batun atin kuwa, wato wayar da ke haɗa jikin na'ura da ƙasa, ko tayar da shi ba a yi, sai ranar da yarinya ta fita shanya ta dafa ƙarfen injin waje ta ƙwalla ƙara.

Mai sa AC sana'arsa bututun gas ce da rataye inji. Wani ya iya wayarin, wani bai iya ba, kuma wanda bai iya ba ɗin ba zai faɗa maka ba. Saboda haka zaɓin yana wuyan mai gida.

A takarda, wutar gida bolt 230 ce a Najeriya, 220 a Nijar. AC mai doki ɗaya yana jan kimanin amfiya 4, mai ɗaya da rabi 5 zuwa 6, mai doki biyu 8 zuwa 9. Ainihin adadin naka yana rubuce a takardar da ke manne a gefen injin waje, a duba can. Wanda ba inbata ba, duk sanda kwamfuresa za ta tashi sai ta fizgi ninki huɗu zuwa shida na wannan na ɗan ƙiftawar ido, shi ya sa ƙwan ɗaki yake dushewa ya dawo. Na inbata a hankali yake tashi, ba ya wannan fizgar, sai dai yana da tasa matsalar da za mu iske a gaba.

Jona a soket ɗin ɗaki, ko ja masa layinsa

Jonawa a soket ta fi araha, ba fasa bango, ba ƙura, awa ɗaya an tashi. Kuma ba zan ce kullum kuskure ba ce. AC na inbata mai doki ɗaya, a gidan da aka yi wa wayarin da waya ta gaskiya mai lamba 2.5 (lambar kaurin waya ke nan), soket ɗinsa kuma yana da atin mai aiki, zai yi shekaru ba a ji komai ba. Tambayar ita ce, wa ya san abin da ke cikin bangon? Gidan haya ne ko gidan da aka saya a gine, wayar da ke ciki sai Allah sai wanda ya sa ta. Kuma layin nan ba na AC kaɗai ba ne: firji yana kai, dutsen guga yana kai, a ɗakin yara wani ya tsoma hita a bokiti. Dutsen guga minti ashirin ne a kashe. AC kuwa daga isha'i har asuba yake ja, a watan da bangon kansa yake da zafi kamar an gasa.

Inda ake samun ɓarna ba tsakiyar waya ba ne, wurin haɗi ne. Fulogi mai baki uku masu kusurwa, mai fis na amfiya 13, a lissafi ya ishi doki ɗaya da rabi. Amma soket mai araha ƙarfen cikinsa yana saki, ya daina damƙar fulogin, wurin ya riƙa ɗumi. Da farko za ka ga ramin dama ya yi launin ƙasa-ƙasa, daga baya ka fara jin wani wari mai ƙarni a ɗakin kana neman mataccen ɓera, alhali robar soket ce ke dahuwa. Duk wanda ya ga wannan alama ya kashe, kada ya jira gobe. Doguwar wayar nan mai bakuna huɗu ko biyar da ake shimfiɗawa a ƙasa kuwa, ba ta ma cikin lissafi.

Layi na kansa shi ne wayoyi uku, mai wuta da nutural (wadda wuta ke komawa ta cikinta) da atin, su taso daga akwatin bireka su zarce wurin AC ba tare da sun ratsa ta wani soket ba, da birekarsu daban. Idan ba a son fasa bango, akwai farar robar nan mai murfi da ake bin gefen silin da ita. Ba ta da kyan gani sosai, amma ta fi wayar da aka binne ba a san irinta ba. Daga doki ɗaya da rabi zuwa sama, wannan nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

A ƙarshen layin ana sa ɗaya daga abu biyu: soket mai amfiya 15 mai zagayayyun baki, ko makunni mai amfiya 20 da ɗan jan ƙwai a fuskarsa, irin na hitar banɗaki. Soket ya fi sauƙi ga mai son shigar da sitabilaiza tsakani. Makunnin ya fi shi a wuri biyu: ba fulogin da zai saki, kuma idan na gaske ne yana yanke wayoyi biyu lokaci guda. A unguwannin da ake yawan yanke waya a kan falwaya a sake haɗawa, ko a canja layi da dare don neman wanda ya fi ƙarfi, sau da yawa mai wuta da nutural sukan juya. Makunnin da ke yanke waya ɗaya tak, a irin wannan rana nutural yake yankewa, ya bar wuta kwance a cikin na'urar da kake zaton ka kashe.

Lamba 2.5 ko lamba 4

Waya mai lamba 1.5 ta ƙwan fitila ce da fanka, a bar ta can. Gardamar tsakanin 2.5 ne da 4.

Teburin da masu wayarin ke bi, wanda muka gada daga Ingila, ya ce waya mai lamba 2.5 a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 24, mai lamba 4 kuma 32. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an yi wannan lissafi ne a zafin digiri 30. A digiri 45 ana rage kashi ɗaya cikin biyar, a digiri 50 kusan kashi uku cikin goma. To a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, a watan Afrilu, cikin silin ƙarƙashin kwano, digiri 50 ba labari ba ne. Wato amfiya 24 ɗin nan ta koma 17, 32 ta koma 22 da ɗoriya. Idan kuma an cusa layi biyu ko uku a bututu ɗaya suna ɗumama juna, a ƙara ragewa.

Daga nan ake gane girman bireka, domin bireka waya take karewa, ba AC ba. Waya 2.5 a ƙasarmu, bireka mai amfiya 16 ce daidai da ita. Waya 4, mai amfiya 20. A nemi mai harafin C, kamar C16 ko C20, don ita ce ke jure fizgar tashin kwamfuresa ba ta faɗi ba gaira ba dalili. Mai wayarin da ya ga bireka tana yawan faɗuwa ya cire ta ya sa mai amfiya 32 a kan waya 2.5, bai gyara komai ba, ya dai mayar da wayar ta zama fis.

Doki ɗaya da ɗaya da rabi, a nisan da bai wuce mita 20 ko 25 ba, lamba 2.5 ta wadatar. Lamba 4 tana shigowa ne idan doki biyu ne ko fiye, ko layin yana da tsawo, ko unguwar ta saba da lokaran. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. Idan wuta ta sauko, na'urar ba ta rage ci, ƙara jan amfiya take. Mai doki biyu da ke jan 8 a cikakkiyar wuta, idan wutar ta faɗo bolt 140 sitabilaiza tana ɗago ta, wayar da ke shiga sitabilaizar wajen amfiya 13 take ɗauka. Wanda yake ƙarshen layin taransifoma ya sayi lamba 4 ya huta.

Amma lambar da ke jikin roba ba ita ce wayar ba. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, da wadda aka rubuta 2.5 alhali cikinta bai kai ba, har da wadda aka buga wa sunan sanannun kamfanonin gida irin su Coleman da Cutix da Nigerchin na jabu. Alminiyam kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, kuma yana saki a ƙarƙashin noti. Gwajin ba wuya: ka kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya leƙo ka ajiye musu abinsu. Ka ɗaga nadin ka ji nauyi. A nadi mai mita 100 na lamba 2.5, jan ƙarfen kaɗai ya haura kilo biyu, ban da roba, na alminiyam kuwa bai kai kilo ɗaya ba. Waya 2.5 ta gaskiya ta fi waya 4 ta jabu.

Atin na ƙarya iri uku

Kamfanin wuta, ko KEDCO ne ko na Kaduna ko na Jos ko na Yola, waya biyu yake kawo wa gida mai layi ɗaya: mai wuta da nutural. Atin aikin mai gida ne. A nan ne dabarun gajeriyar hanya suka yi yawa.

Ta farko ita ce a buga ƙusa a bango a ɗaura koriyar waya. Busasshen bulo ba ya kai wuta ko'ina, ado ne kawai. Ta biyu, a ɗaura a bututun ruwa. A zamanin bututun ƙarfe da ke binne a ƙasa wannan yana ɗan aiki. Yanzu bututun roba ne, ko na ƙarfen da aka yi wa faci da roba a tsakiya, sai wutar da ta zubo ta tsaya a kan famfon banɗaki, inda mutum yake tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Ta uku ta fi su haɗari, don ita ce ke kama da gyara. A cikin soket ko a jikin AC, sai a ɗauki guntuwar waya a haɗa nutural da wurin atin. Nan take testa ta daina kamawa a jikin inji, ɗan shokin ɗin ya ɓace, maigida ya ce, "Kai, injiniya, Allah ya yi albarka." An gudu gara ne an faɗa gidan zago. Ranar da nutural ya tsinke a kan falwaya, ko ya ci wuta a wurin haɗi, wutar da ta shiga na'urar ba ta da hanyar komawa sai ta jikin ƙarfen, ta zauna tana jiran hannun da zai taɓa. Ranar kuma da aka juya wayoyin a waje, jikin AC ɗin kai tsaye yake haɗe da mai wuta, da shi da ƙarfen da aka ɗora shi a kai, da baglar tagar da ke jingine da shi. Ba bireka ko ɗaya da za ta faɗi. Wani zai ce ai a Ingila ma ana haɗa nutural da atin. Gaskiya ne, amma kamfanin wuta ne yake yi, a mashigar gida kaɗai, a kan layin da aka dasa wa nutural ɗinsa atin wuri-wuri kuma ake kula da shi. Layin unguwar da ɓarayi ke kwance wayar atin ɗin taransifomarsa ba sa'an wancan ba ne.

Sanda ita kaɗai, bireka ita kaɗai

Mu ɗauka an yi abin kirki: an sayi sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, ƙafa huɗu, an buga a ƙasa, an ja waya. Yawancin mutane a nan suke tsayawa, hankali kwance. Ga lissafin da ya kamata su gani.

Sanda mai ƙafa huɗu a ƙasa mai matsakaiciyar laima tana ba da turjiya, wato tarewar da ake yi wa wuta a hanyarta ta shiga ƙasa, kimanin om 70. Mai ƙafa takwas, kimanin 40. A busasshen yashi irin na Daura ko Nguru ko Maraɗi, da rani, adadin yana haura ɗaruruwa. Yanzu a ce robar waya ta goge a cikin injin waje, mai wuta ya taɓa jiki. Bolt 230 a kan om 70, amfiya uku da ɗan kai ke nan za su gangara ƙasa. Bireka mai amfiya 16 ba ta ma san ana yi ba. A wurinta ƙaramin firji aka kunna. Kafin C16 ta faɗi nan take sai ta ga amfiya 80 zuwa 160, wato sai turjiyar duka hanyar ta yi ƙasa da om ɗaya da rabi, kuma ba sandar gida da ke kai wa nan. Sakamakon: jikin injin yana ɗauke da bolt wajen 200, mita tana ta gudu, AC yana sanyinsa, ba wanda ya sani.

Abin da ke ganin wannan yoyo wata bireka ce daban, RCD, wadda masu wayarin ɗinmu suka fi kira ELCB. Aikinta awo ne: wutar da ta fita ta mai wuta dole ta dawo ta nutural cif-cif. Idan aka samu giɓi, to wani abu ya bi ta ƙasa ko ta jikin mutum, sai ta yanke. Wadda aka yi don kare rai tana ɗauke da rubutun 30mA, miliamfiya 30. Don a gane girman adadin: a miliamfiya ɗaya mutum yake fara jin tsikari, a wajen goma hannu yake ƙanƙame waya ya kasa saki, daga hamsin zuwa sama zuciya tana iya rikicewa. Amfiya ukun nan da bireka ta raina, ninki ɗari ne na abin da RCD ke jira, kuma za ta yanke cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba, tun kafin kowa ya taɓa.

To idan RCD ce kaɗai ba atin? Wutar za ta zauna a jikin injin ba ta da hanyar fita, RCD ba ta ga giɓi ba, sai mutum ya taɓa ya zama shi ne hanyar. Sannan za ta yanke. Zai ji jan wutar sosai, amma galibi zai tashi ya karkaɗe rigarsa. Kuma ita ma na'ura ce. Ƙurar hunturu da tururuwa suna iya sa ta ƙage. Ga kuma AC na inbata: allon cikinsa yana da matatar da ke zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin ƙarfe da gangan, don ta bi atin ta tafi. Idan babu atin, sabon AC fil daga kwali zai riƙa yi wa mutane tsikari, testa ta kama a jikinsa, a yi ta zargin mai shago.

Idan aka matsa mini lamba cewa kuɗin abu ɗaya ne a hannu yau, RCD zan fara sawa, a buga sanda ƙarshen wata. Amma kwatancin da ya fi amfani shi ne wannan: sanda mai matsakaicin kyau, ko da om 100 ce, tare da RCD, ta fi ramin atin da aka kashe wa kuɗi mai yawa aka samu om 10 babu RCD. Ƙa'idar Ingila ma om 200 ta sa a matsayin iyakar da bai kamata a wuce ba idan akwai RCD, saboda abin da ya haura haka ba ya tabbata daga damina zuwa rani.

Wace iri za a saya? Ko RCD guda ta tsare gidan duka, ko RCBO, wadda ta haɗa aikin bireka da na RCD a jiki ɗaya, a sa wa layin AC shi kaɗai. Guda ɗaya ta gida duka ta fi araha kuma ta rufe har firji da hitar banɗaki. Aibinta, tsohon wayarin da ke yoyo nan da can, da AC na inbata biyu ko uku kowanne yana zubar da nasa kaɗan, idan suka taru sai ta riƙa faɗuwa da tsakar dare, gida duka ya yi duhu. Tana iya faɗuwa tun daga miliamfiya 15. Bayan sati biyu maigida ya gaji ya sa a tsallake ta da waya, an koma gidan jiya. RCBO ta fi tsada a kan kowane layi, amma matsalar ɗaki ɗaya tana tsayawa a ɗakin. Ga AC, ita nake so. Idan na inbata ne a nemi nau'in A. Nau'in da aka rubuta wa AC, duk da sunan ya yi kama, tsohon samfuri ne da yoyon allon inbata ke iya makantar da shi.

'Yan'uwa na Nijar su duba babbar birekar da ke kusa da mita. A tsarin Faransa tana da awon yoyo, amma a miliamfiya 500. Duk wanda ya ga 500mA a jikin tasa ya san gobara take karewa, ba mutum ba. Mai 30 ɗin tana nan a kansa.

Gishiri da gawayi, ko ƙarin tsawo

Al'adar masu wayarin ita ce a haƙa rami, a sa sanda, a zuba buhun gawayi da gishiri, a kwarara ruwa. Yana aiki, ranar farko adadin yana sauka sosai. Sai dai damina biyu ko uku suna wanke gishirin, kuma kafin ya wanke ya ci ƙarfen, musamman sandar jabu da rufinta bai fi fenti ba, da notin da ya riƙe waya. Mai zuba gishiri ya san zai dawo ya sake. Akwai laka ta musamman, bentonait, irin wadda masu haƙar rijiyar burtsatse ke amfani da ita. Tana riƙe laima, ba ta cin ƙarfe, ta fi daɗewa.

Abin da ya fi duka tasiri shi ne zurfi. Ninka kaurin sanda bai rage turjiya da abin da ya wuce kashi 10 cikin 100 ba, ninka tsawo kuwa yana rage wajen kashi 40, kuma yana kai ta inda laima ba ta ƙafewa. Inda dutse ko marmara ya hana zurfi, kamar sassan Jos da Abuja, a buga biyu ko uku a haɗa su, tsakanin kowace da 'yar'uwarta aƙalla tsawon sandar. Idan aka cunkusa su rami ɗaya kusan sanda ɗaya ce. Mai gida a fadama ko ƙasar laka ya ci sa'a, sanda ɗaya kan ishe shi. A zaɓi wuri mai inuwa da danshi, kuma dabara ce mai kyau a karkato tiyon ruwan da AC ke ɗigarwa zuwa bakin ramin, duk da cewa da hunturu ba ya ɗigar da abin kirki. Wayar da ta taso daga sanda zuwa akwatin bireka ta zama mai kauri, lamba 10 ko 16, a ɗaure da maƙalin tagulla, a yi wa wurin ɗan murfi yadda za a iya dubawa. Wanda bai fara gini ba yana da damar da sauran ba su da ita: ya shimfiɗa tsirarar wayar jan ƙarfe a zagayen ramin harsashi kafin a zuba kankare, kamar yadda ake yi a Faransa. Ba sandar da ta kamo wannan.

Idan gidan yana da atin tun asali kuma an gwada yana da kyau, a ja koriyar waya daga can. Idan an ƙara wa AC sabuwar sanda, a haɗa ta da tsohuwar, kada a bar atin biyu a gida ɗaya kowanne yana harkarsa. Kuma a tsaya a kan masu sawa su haɗa atin tsakanin na ciki da injin waje. Da yawa sukan bar wannan waya a yanke, su ce bututun gas ya wadatar. Bai wadatar ba.

Gwaji fa? Za ka ga mai wayarin ya haɗa ƙwai tsakanin mai wuta da atin, ƙwan ya kama, ya ce, "Ka gani, Alhaji, atin ya yi." Ƙwai mai wat 100 turjiyarsa ta haura om 500, zai kama ko atin ɗin om 150 ne; abin da ya nuna kawai wayar ba a tsinke take ba. Akwai na'urar awon atin mai ƙananan turaku biyu da ake kafawa nesa, ita ke ba da adadi. A auna a Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, a rubuta adadin a cikin murfin akwatin bireka. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu wayarin takardar shaida a Najeriya, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi gani. Maɓallin gwaji da ke fuskar RCD kuma a danna shi duk bayan 'yan watanni. Idan ba ta faɗi ba ta mutu, a canja.

Sitabilaiza da na'urar AVS ba sa cikin wannan sahu, na'ura suke karewa, ba mutum ba. AVS tana yankewa idan wuta ta yi sama ko ƙasa da ƙima, ta jira 'yan mintuna kafin ta mayar, abin da kwamfuresa ke buƙata idan NEPA tana ɗauke-kawo. Sitabilaiza ɗagawa take. Unguwar da wutarta ke da ƙarfi sai dai hauka jefi-jefi, AVS. Unguwar da kullum lokaran ne, sitabilaiza, don AVS a can kashe AC kawai za ta yi ta yi. Janareta da inbatar sola kuma suna da nasu tarko: a ƙananan janareta da yawa nutural ba ya haɗe da ƙasa, don haka RCD ɗin da ke aiki sumul a wutar kamfani tana iya ƙin faɗuwa idan aka juya cenjoba. A sa ƙwararre ya haɗa nutural da atin a wurin janaretan ko inbatar kaɗai, cenjoba ta zama mai yanke wayoyi biyu, a kuma gwada a kan kowace wuta daban.

Ɗan haya shi ya fi shiga tsaka mai wuya, don ba zai fasa bangon wani ba, mai gidan kuma ba zai biya ba. Abin da zai iya: layi a cikin farar roba daga akwatin bireka ko daga bayan mitarsa, ɗan ƙaramin akwati mai RCBO kusa da AC, sanda ɗaya ko biyu a bayan taga inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ranar tashi ya kwance akwatinsa da wayarsa ya tafi da su. Sandar ce kawai zai bar wa mai shigowa.